Ijaza: Me Malam Ya Ba Ka, Me Kuma Bai Ba Ka Ba?

Akwai wata takarda a ƙasan akwatina da ba na son nuna wa mutane. Shekarun baya wani baƙon malami daga ƙasashen Larabawa ya sauka a garinmu, aka shirya masa majalisin kwana uku a wani masallaci, tsakanin La'asar da Magariba. Dattijo ne mai sanyin murya. Ya fara da hadisin nan na rahama da malaman hadisi suka saba buɗe wa ɗalibi karatu da shi, wanda ke cewa masu jinƙai Mai Rahama zai ji ƙansu. Daga nan wani ɗalibi mai saurin baki ya riƙa karanto hadisan farko na kowane ɗaya daga manyan littattafai, malam yana saurare, jefi-jefi ya ɗaga yatsa ya gyara wasali. Ranar ƙarshe ya ɗaga hannu ya faɗi wasu kalmomi da Larabci, tafinta ya ce: "Malam ya ba duk wanda ke wurin nan ijaza." Aka yi kabbara. Aka zagaya da littafin rubutu kowa ya sa sunansa, har da yaron da ke sayar da ruwan leda a bakin ƙofa, don shi ma ya ji karatun. Bayan mako biyu aka raba mana takardu masu zanen zinare a gefe. Tawa ta ce an yi mini izinin ruwaito littattafan hadisi shida da Muwaɗɗa, da sarƙar sunaye tun daga dattijon nan har zuwa mawallafansu.

Ni kuwa na san kaina. Shafi ɗaya na sharhin Buhari sai na yi ta jan ƙamus kafin in kai ƙarshensa. Ba a rufa wata shida ba na ci karo da sanarwar wa'azi a Facebook, ga hoton wani matashi da muka zauna kafaɗa da kafaɗa a majalisin nan, a ƙarƙashin sunansa an rubuta: "mai ijaza a Kutubus Sitta".

Dattijon bai yi ƙarya ba, takardar ba jabu ba ce, matashin ma in aka bi harafin magana bai faɗi abin da ba shi ba. Amma duk wanda ya karanta sanarwar nan zai ɗauka yaron ya durƙusa gaban malami ya sauke littattafai shida an tabbatar ya gane su. A nan gizo yake saƙar. Kalma ɗaya ce take ɗauke da abubuwa huɗu ko biyar, kunnenmu kuma ya saba jin mafi nauyinsu a duk inda aka ambace ta.

Asalin kalmar ba shi da wani kwarjini. Tushenta a Larabci shi ne jaza, wato ya wuce, ya ƙetare. Daga nan ne ja'izi da muke ji a fiƙihu ya fito, abin da aka bar wa mutum hanya ya yi ko ya bari. Daga nan fasfo ya samu sunansa a Larabci, jawazus safar. Ma'aikaci a Masar ko Saudiyya in ya tafi hutu, ijaza ya ɗauka. A Iraƙi lasisin tuƙi ijaza ne. A Maroko da Siriya digirin farko na jami'a ijaza ake ce masa. Duk a wuri ɗaya suka haɗu: wani mai iko da ƙofa ya ce maka wuce. Masanin lugga Ibnu Faris, wanda ya rasu a 395 bayan Hijira, ya kawo wani hoto da ya fi burge ni. Ya ce Balarabe in ya zo da dabbobinsa ko yana son ban-ruwan gonarsa, sai ya roƙi mai rijiya, in ya ba shi ruwan sai a ce ya yi masa ijaza. Haka ɗalibi yake roƙon malami ya shayar da shi. Mai rijiya ya ba ka ruwa ka wuce. Bai ce ka zama mai rijiya ba.

A hannun malaman hadisi kalmar ta zama istilahi. Sun lissafa hanyoyi takwas da mutum kan ɗauko hadisi daga wani, kamar yadda Alƙali Iyal (ya rasu 544) da Ibnus Salah (ya rasu 643) suka tsara. Ta sama ita ce ka ji daga bakin malam. Mai bi mata, ka karanta masa yana saurare yana gyara maka, irin karatun da mutanen Madina suka riƙa yi wa Imamu Malik. Ijaza ta uku ce a jerin Ibnus Salah, kuma ga ma'anarta tsirara: malam ya yi maka izinin ruwaito wani littafi ko wasu hadisai daga gare shi ba tare da ka ji su daga bakinsa ko ka karanta masa ba. Sauran biyar ɗin sun haɗa da miƙa littafi hannu da hannu, da aiko da rubutu, har zuwa ta ƙarshe, wadda ita ce ka tsinci rubutun mutum ka gane hannunsa.

A lura da wannan da kyau, don shi ne abin da ya juye a kanmu. A wurin masu fannin, ijaza ita ce abin da ake bayarwa a madadin karatun da ba a yi ba. Mu kuma mun ɗauke ta shaidar karatun da aka gama.

Shi ya sa ba ta shigo cikin lalama ba. An ruwaito Shu'uba ɗan Hajjaj, babban mai tace maruwaita da ya rasu a 160, yana cewa da ijaza ta inganta da tafiya neman ilimi ta ɓaci. Wane ne zai ɗaura sirdi daga Basra zuwa Yaman don hadisi ɗaya in wasiƙa za ta wadatar? Wani malamin Hanafiyya, Abu Ɗahir Addabbas, ya fi zafi: ya ce wanda ya ce maka na yi maka izini ka ruwaito daga gare ni abin da ba ka ji ba, kamar ya ce ne na yi maka izini ka yi mini ƙarya. Ibnu Hazam na Andalus ya ce bidi'a ce. Duk da haka jamhurin malamai suka karɓe ta, kuma da ƙofar ta buɗe sai ta yi ta faɗi. Aka samu ijazar da ake yi wa mutum takamaimai a kan littafi takamaimai, wadda ita ce mafi ƙarfi. Aka samu wadda malam zai ce na yi maka izinin duk abin da nake ruwaitowa. Aka samu ta gama-gari, ga duk Musulmin da ya riski zamanina. Aka yi wa jarirai. Har aka yi muhawara kan yi wa wanda ba a haifa ba, don an ruwaito ɗan Imamu Abu Dawuda ya ce wa wani ya yi masa ijaza, shi da 'ya'yansa da waɗanda ke tafe a tsatsonsu.

Me ya sa malamai masu tsantseni suka yarda da wannan? Domin aikin sarƙar maruwaita ya riga ya sauya. A ƙarni na biyu da na uku isnadi, wato sarƙar nan, shi ne ma'auni, da shi ake gane hadisin da ya tabbata da wanda aka ƙaga, abin da ya sa Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Amma da aka tattara hadisai a littattafai, aka kwafe su dubbai, suka bazu daga Kurɗuba zuwa Samarƙandi, ingancin hadisin da ke cikin Buhari bai ƙara dogara ga mutumin da ke tsakaninka da Buhari ba. Sarƙar ta koma abin adanawa, nasaba ce ta ilimi, alfahari ne na wannan al'umma cewa har gobe mutum zai iya ƙirga bakunan da magana ta bi ta iso shi. Abin so ne, kuma akwai albarka a ciki. Sai dai ba jarrabawa ba ce.

Babu labarin da ya fito da wannan fili kamar na Ahmad ɗan Abi Ɗalib, wanda aka fi sani da Alhajjar, mai sassaƙar dutse a Dimashƙa. Yana yaro ƙarami, a shekara ta 630, aka zaunar da shi a majalisin da aka karanta Sahihul Buhari gaban wani malami mai gajeriyar sarƙa, aka rubuta sunansa cikin mahalarta. Ya tashi ya kama sana'arsa, bai zama malami ba. Bayan shekara saba'in da ɗoriya masu bin diddigin tsofaffin takardu suka tsinci sunan, suka duba suka ga mutumin yana raye, mafi yawan 'yan majalisin kuwa ƙasa ta rufe su. Nan da nan manyan malamai irin su Zahabi da Ibnu Kasir suka yi layi a gabansa, aka kai shi har Alƙahira, aka yi ta sauke masa Buhari. Ya rasu a 730, shekara ɗari cif bayan wancan zama. Har yau mafi yawan gajerun sarƙoƙin Buhari ta kansa suke bi. Ba wanda ya taɓa zuwa wurinsa neman fatawa, shi ma bai ce a zo ba. Kowa ya san abin da ke hannunsa: kunne ne da ya ji, da rai da Allah ya ja. Yaron nan mai ruwan leda, in Allah ya ba shi shekara casa'in, yana iya zama Alhajjar na garinmu.

Akwai kuma wata ijazar daban, wadda ita ce mutane ke nufi in sun ji kalmar: izinin karantarwa da ba da fatawa. Malamai sun raba su da suna, waccan ta riwaya, wannan ta diraya, wato fahimta. Wannan ba a yin ta da ɗaga hannu a taro. Shaida ce malami yake bayarwa a kan ɗalibin da ya daɗe tare da shi, ya ga yadda yake warware mas'ala, ya ga inda yake tuntuɓe, ya ga kuma ko yana iya cewa ban sani ba. Ruhinta yana cikin maganar da aka ruwaito daga Imamu Malik, cewa bai zauna ba da fatawa ba sai da mutum saba'in suka shaida ya cancanta. A madarisun Misira da Sham na zamanin Mamluk ta zama takarda mai tsari da ake rubuta wa ɗalibin fiƙihu. Wani masanin tarihi, George Makdisi, har ya yi iƙirarin cewa daga nan jami'o'in Turai suka samo lasisin koyarwa da ya zama digirin dakta, ko da yake wasu masana sun ja da shi a kan haka.

Duk da nauyinta, Imamu Suyuɗi (ya rasu 911, wato 1505), wanda ya yi musayar wasiƙu da sarakunan Katsina da Agadas, ya ƙi yarda a mayar da ita sharaɗi. A cikin littafinsa Itƙan ya ce wanda ya san a ransa ya cancanci karantarwa ya halatta ya karantar ko da ba wanda ya yi masa ijaza. Ya ce mutane sun ƙirƙiro ta ne saboda mai farawa ba shi da yadda zai gane cancantar wanda zai ɗauki karatu a wurinsa, sai aka mayar da ita kamar shaida daga malami. Ya ƙara da cewa malamin da ya san ɗalibi ya cancanta wajibi ne ya ba shi, wanda bai cancanta ba kuma haram ne a ba shi, karɓar kuɗi a kanta kuwa bai halatta ba. Wato tun shekara ɗari biyar da suka wuce akwai masu riƙe ijaza sai an ajiye wani abu a kan buzu.

A ƙasar Hausa dukkan nau'o'in biyu sun daɗe. Abdullahin Gwandu, a ɗan littafinsa Ida'un Nusuhi inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, ya ba da labarin yadda shi da yayansa Shehu Usmanu suka zauna gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji a shekara ta 1201, wajen 1786, aka karanta Buhari, sannan ya yi musu ijazar abin da ya ɗauko daga malaminsa na Madina, Abul Hasan Assindi. Ga karatu, ga ijaza a bayansa. Malam Jibrilu ɗan Umaru kuma ya yi musu ijazar duk riwayoyinsa, ciki har da abin da ya samo a Alƙahira daga Murtala Azzabidi, mai ƙamus ɗin Tajul Arus, wanda ya rasu a 1791. Shehu da kansa ya tattara sarƙoƙinsa a littafinsa Asanidul Faƙir. Amma in ka duba abin da ya sa jama'a suka bi Shehu daga Degel zuwa Gudu, ba za ka ga suna ƙirga sunayen da ke cikin sarƙar ba. Shekara talatin ya yi yana wa'azi da karantarwa a Gobir da Zamfara da Kabi, mutane sun ji, sun gani.

Karatun zaure ma haka ya gada. Ɗalibi ya faro daga Ƙawa'idi, ya bi Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, in da rabo ya shiga Muhtasar. Kowa da littafinsa, kowa da layinsa, malam yana fassara kalma-kalma, ɗalibi yana cewa na'am. Yawancin waɗanda suka sauke waɗannan littattafai ba a taɓa rubuta musu takarda ba. Yadda abin yake faruwa, wata safiya ce malam yana fama da mura, sabon ɗalibi ya zo da Ahalari, sai malam ya dubi wani daga cikin manya ya ce, "Malam Sani, biya masa." Ran nan an yi ijaza, ba kabbara, ba zanen zinare. In an jima a ce ya ja sallah. In an jima mai tambayar gado ya zo, malam ya ce a je wurin wane, ya fi ni riƙe lissafin. Duk unguwa ta shaida. Kuma wannan shaidar tana da haƙori, domin in Malam Sani ya kwafsa, sunan malaminsa za a kira: almajirin wane ne ya faɗi haka? A ganina a nan darajar kowace irin ijaza take. Gwargwadon abin da mai bayarwa zai yi asara in wanda ya ba ya ba da kunya, gwargwadon nauyinta ke nan. Dattijon da ya zo mana kwana uku ya koma ƙasarsu bai san ko fuskata ba, ba abin da zai rasa a kaina.

Inda ijaza ta tsaya da ƙafarta har yau shi ne Alƙur'ani. A al'adar maƙarata, ba a yi wa mutum ijaza a riwaya, Warshu ce ko Hafsu, sai ya karanta wa malam Alƙur'ani tun daga Fatiha har Nasi, yawanci da ka, malam yana tsayar da shi a kan kowace gunna da kowane maddi. Dalili a bayyane yake: yadda ake furta harafi ba ya shiga takarda, sai baki da kunne. Tsangaya ba ta saba da kalmar ijaza ba, amma tana da matakanta, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har a kai alaramma da gwani, a Barno a ce goni. Gwani ba ya naɗa kansa. Sai ya haddace, ya rubuta da ka, ya zauna a gaban gwanaye sun tankaɗe shi sun rairaye, sun ga ya san inda kowace kalma ta maimaitu da inda ta saɓa. Matasan da suka taso da musabaƙa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a matakin ƙasa a 1986, su suka yawaita neman ijaza mai sarƙa daga Misira da Madina, wasu ta waya. Ban ga laifin karatu ta waya ba in dai an karanta duka kuma malam yana farke. Abin tsoro shi ne wanda aka ce ya karanta Fatiha da farkon Baƙara, sauran an yafe masa.

Sai ɗariƙa, inda kalmar da ta fi yawo a baki ita ce izini. Nan ma hawa-hawa ne. Akwai izinin yin wuridi, wanda muƙaddami ke laƙƙana wa sabon shiga. Akwai taƙadimi, a mayar da mutum muƙaddami ya riƙa ba wasu. A cikin muƙaddamai akwai wanda aka ƙayyade masa, akwai kuma mai ijaza muɗlaƙa, wanda aka sake wa hannu har ya naɗa wasu muƙaddaman. Alhaji Umarul Futi ya samo nasa a Hijaz daga Muhammadul Gali, almajirin Shehu Ahmadu Tijjani, ya biyo da shi ta Barno da Sakkwato, inda ya zauna shekaru a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ya karɓi ijazozi da dama, ciki har da ta Shehu Ahmad Sukairaju na Maroko, kuma haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin Hajjin 1937 ita ta buɗe wa Faila ƙofar Kano. Wannan izini ya bambanta da na hadisi ta fuska mai muhimmanci. A wurin 'yan ɗariƙa shi sharaɗi ne, wuridin da aka ɗauka daga littafi ba izini ba a ɗauke shi a bakin komai ba, domin suna ganin akwai wani sirri da ke bin sarƙar daga zuciya zuwa zuciya. Kuma ana iya warware shi in mutum ya karya sharuɗɗa. Sai dai shi ma ba shaidar fiƙihu ba ne. Akwai muƙaddamai manyan malamai, akwai kuma muƙaddami ɗan kasuwa mai riƙe da zawiyar unguwa da amana wanda in ka kawo masa mas'alar saki zai tura ka gaba, kuma hakan bai rage masa komai ba.

Kalmarmu ta gida kuwa ita ce naɗi, kuma daga rawani ta fito. Limamin Juma'a naɗa shi ake yi, a al'ada sarki ke yi. Alƙali naɗa shi ake yi. Halifan shehi naɗa shi ake yi, kamar yadda Shehu Ƙaribullahi ya gaji mahaifinsa Shehu Nasiru Kabara a jagorancin Ƙadiriyya bayan rasuwarsa a 1996. Naɗi kujera yake bayarwa, kuma kujera mutum ɗaya take ɗauka, alhali malami ɗaya yana iya yi wa mutum dubu ijaza bai ragu da komai ba. Lokacin jihadi alamar ba da iko tuta ce: Modibbo Adama, Buba Yero, Yakubun Bauchi, Malam Musa na Zazzau, kowa ya karɓo tasa. Nana Asma'u kuma da ta kafa 'Yan Taru, malfa take ɗora wa jajin da za ta jagoranci mata daga ƙauye, a naɗe ta da jan ƙyalle, kowa ya gani ya san da yawun wa take magana. A wajen Wangarawa da Julawa na arewacin Gana da Kwaddibuwa an haɗe biyun wuri guda: ɗalibin da ya sauke Tafsirin Jalalaini da Muwaɗɗa da Ashafa sai a naɗa masa rawani, a ba shi sarƙar malamansa a rubuce, daga ranar ya zama karamoko.

Maƙwabtanmu Kirista ma naɗi suke cewa in za a keɓe fasto ko fada, ana ɗora masa hannu a yi addu'a. Yahudawa suna kiran nasu semika, ma'anarta jingina hannu, suna danganta ta da yadda Annabi Musa ya ɗora wa Yusha'u hannu. Kwatancen yana da amfani don ya nuna abin da ijaza ba ta yi. A cocin Katolika naɗin yana sauya matsayin mutum har abada, akwai ibadun da in ba naɗaɗɗe ne ya jagoranta ba ba su yiwu ba. A Musulunci ba wannan ajin. Direban mota da ya iya Fatiha da hukuncin sallah zai ja sahu a tasha sallar kowa ta yi, aure ya ɗauru da waliyyi da shaidu da sadaki ko da babu mai rawani a wurin. Ijaza ba ta tsarkake mutum, ba ta ɗaga shi daga cikin jama'a. Labari take bayarwa a kansa, kuma labari yana iya zama gaskiya mai nauyi, ko gaskiya marar nauyi, ko ƙarya.

Zamani ya kawo masu hamayya biyu. Ta farko shahada, takardar makaranta. Azhar ta shigo da jarrabawar neman izinin koyarwa a 1872, aka fara sauya shaidar mutum ɗaya da ta kwamiti. A Kano an buɗe makarantar horar da alƙalai a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci, ta yaye irin su Shehu Abubakar Gumi. Jami'ar Musulunci ta Madina ta buɗe a 1961, kuma daga baya ɗalibanta suka dawo da digiri da wani sabon salo na cewa kawo hujja. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, rigimar ta ƙara fitowa fili: wannan ɓangare yana tambaya wa ya ba ka izini, wancan yana tambaya ina dalilinka. Abin dariya, yau jikokin ɓangarorin biyu duk suna rububin abu ɗaya. Ɗan zawiya yana neman dakta, ɗan Salafiyya yana tara ijazozin hadisi a waya. Ta biyu ita ce lasisin gwamnati. Tun bayan tarzomar Maitatsine ta 1980 hukumomi suka fara neman hanyar tace masu wa'azi. Jihar Kaduna tana da dokar wa'azi tun 1984, kuma da aka kawo ƙudurin sabunta ta a 2016, da sharaɗin karɓar lasisi mai wa'adi, malamai da fastoci da dama suka yi ca. Lasisi ma izinin wucewa ne, amma abin da hukuma ke aunawa shi ne ko bakinka zai tayar da gari. Ko ka san bambancin farilla da mustahabbi, wannan ba damuwarta ba ce.

To ina aka kwana? Ni dai ba na cikin masu cewa a watsar da zancen ijaza wai tunda littattafai suna cikin waya. Mun ga abin da ɗan haye yake yi in ya samu makirufo: ya tsinci hadisi a fassara, bai san an shafe hukuncinsa ba, bai san malamai sun yi bayaninsa shekara dubu ba, ya hau ya kafirta rabin gari. Tambayar nan ta waye malaminka tana da amfani, Ibnu Sirina tun ƙarni na farko ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke ɗaukar addininku. Amma ba na kuma tare da masu mayar da ita sanda, duk wanda ya kawo gyara a ce ba shi da izini, ko da gyaran daidai ne. Suyuɗi ya riga ya rufe wannan ƙofa. Abin da ya rage mana shi ne mu daina barin kalmar ta wuce mu ita kaɗai. In an ce wane yana da ijaza, a tambaya: ta me? Ta riwaya ce ko ta karantarwa, ta wuridi ce ko ta ƙira'a? Wa ya ba shi, kuma ya san shi? Shekara nawa ya zauna, wane littafi ya sauke, ko kuwa kwana uku ne tsakanin La'asar da Magariba? Mai ijazar gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma tsofaffin takardu da kansu suke amsawa, don za ka ga an rubuta ya ji kaza daga bakina, ya karanta mini kaza, saura kuma na yi masa izini.

Da na koma na karanta tawa a tsanake, sai na ga ashe dattijon ma ya yi nasa ƙoƙarin. A layi na biyun ƙarshe, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa izinin yana kan sharaɗin da malaman hadisi suka gindaya, wato kada in ruwaito sai abin da na tabbatar daga ingantaccen kwafi, in kuma nemi sanin abin da ban sani ba wurin masana. Ƙarƙashinsa wasiyya ce da tsoron Allah, da roƙon kada in manta da shi da iyayensa a addu'a. Wannan na ƙarshen shi kaɗai na iya cikawa zuwa yanzu.